Yayen Batul

Ranar Asabar ɗin da za a tafi da Batul yaye, Suwaibatu ta tashi tana aiki da hannu, zuciya na wani wuri. Ta share tsakar gida, ta dama kunun gyaɗa, ta ninke 'yan rigunan yarinyar a jakar bakko, ta sake zazzage su ta ninke. An kwana ana ruwa a unguwarsu ta Jekadafari da ke Gombe, kuma har gari ya waye hadari bai saki sama ba. Sanyin damina na shigowa ta ƙasan ƙofa kamar mai neman wani.

Jibi Litinin za ta fara zuwa jami'a, sashen kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Ta zauna jarrabawar shiga da tsohon ciki ta faɗi, ta sake zama da goyo a baya, tana haddar kimistiri a bakin murhu, har Allah ya ba ta. Ba sha'awar a kira ta 'yar jami'a ce ta kai ta ba. Kafin aurenta da Jibrilla sun je wani ɗan shagon gwajin jini a bayan kasuwa, aka ce shi yana ɗauke da irin sikila, ita kuwa jininta fes, su je su yi aurensu. Batul na fara rarrafe hannayenta suka kumbura kamar an hura. A babban asibiti aka sake gwada su duka uku, matar da ta fito da sakamakon ta dubi Suwaibatu ta ce, "Ƙanwata, wa ya yi miki gwajin farko?" Tun daga ranar ta san abin da take so ta zama: wadda in ta ce wa mutum ga irin jininka, to shi ɗin ne. Burinta ta fita da sakamakon da ba mai tura ta gefe, ta yi aiki a babban ɗakin gwaji har hannunta ya faɗa, sannan ta riƙa kai gwajin ƙauyuka ranar kasuwa, inda ake ɗaura aure ba wanda ya tsaya tambayar jini.

Sai dai ɗakin gwaji ba a shigarsa da goyo. Shi ya sa da Dada Asta, mahaifiyar Jibrilla, ta aiko daga Wuro Bamanga, can gaba da Dukku, cewa tana tafe ɗaukar jikarta yaye, kowa ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Haka aka gada: yaro ya isa cire nono, kaka ta ɗauke shi har ya manta. Jibrilla ya ce 'yan watanni ne kawai. Ya ce yayarsa Adda Fanta ta yi wa Dada bayanin ciwon tas, kuma akwai ɗan asibiti a garin da ke kusa da su.

Suwaibatu ta yi shiru, don da ma ba ta da bakin magana. Batul 'yar fari ce. A gidan Fulani uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, balle ta buɗe baki ta ce a bar mata shi. Ko faɗuwa ya yi a gaban suruka, kawar da kai take yi wani ya ɗaga. Shirun nata na kunya ne, amma ita ta san akwai wani abu kwance a ƙarƙashinsa. Tana son Litinin ɗin nan, so na har ba ta tsananta tambaya ba.

Dada na zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, doguwar tsohuwa mai ƙashi, Batul a cinyarta.

"Ke 'yar birni, ƙafa kamar sillen kara," take ce mata. "Bari mu je, kindirmo da man shanu su gyara ki. Kafin kaka sai kin kayar da ɗan maraƙi, ƙawata."

Batul ba ta yi dariyar da ta saba ba. Ta lafe a ƙirjin tsohuwar, ido a lumshe. Ko kunun ma cokali ɗaya ta karɓa ta kawar da kai. Suwaibatu ta gani ta wutsiyar ido, ta ce wa ranta fushin nono ne, tunda tun jiya aka hana ta.

Ta kawo jakar ta durƙusa ta ajiye. Dada ta zuge ta tana dubawa, irin duban tsofaffi da ba sa yarda da shirin yaro. Hannunta ya ci karo da wata leda, ta ɗago ta, kwalabe suka yi ƙara.

"Wannan kuma fa? Kemis za mu buɗe a ruga?"

"Nata ne, Dada," in ji Suwaibatu, kai a ƙasa. "Na kullum ne. Wannan da safe, wannan kuma..."

"Na kullum!" Tsohuwar ta yi dariya har da tafa cinya. "Ku 'yan boko, yaro ya yi atishawa sai kwalba. Fanta ta ce mini tana da ɗan laulayi. Wane yaro ne ba shi da laulayi? Ubanta ma haka ya yi ta yi. Ɗauke abinki kada ya lalace a banza. Can da sassafe a watsa mata ruwan randa, ta bi 'yan'uwanta wasan ruwan sama, ki ga jiki ya yi ƙwari."

Ruwan randa da sassafe. Suwaibatu ta ji kamar ita aka watsa wa. Yarinyar da ko wanka ba a yi mata sai rana ta ɗaga, da ruwan ɗumi, ƙofa a rufe. Ta tashi ba ta san ta tashi ba, ta shige ɗaki.

Jibrilla na tsaye yana ɓalla maɓallin riga, yana sauri ya raka su tasha ya wuce shagonsa na takalma a Kasuwar Gombe.

"Hamma," ta kira shi yadda ta saba, "me aka faɗa wa Dada?"

"Game da me?"

"Game da waccan." Ko a gabansa bakinta bai saba da sunan ba.

"Ba na ce miki Adda ta yi mata bayani ba?"

"Kira Adda."

"Yanzu? Mai keke napep na hanya fa."

"Don girman Allah kira ta."

Ya kira, ya buɗe muryar wayar ƙasa-ƙasa. Daga Tudun Wada ana jin ƙarar keken ɗinkin Adda Fanta kafin ta tsayar.

"Ni? Ai na ce mata yarinyar na da laulayi, a riƙa kula. Sunan ciwon na bar maka, kai ne uban. Yo ni ina na iya fassara sikila da Fillanci? Kai, Jibrilla, kada ka ce mini ba ka faɗa ba!"

"Adda, ta yaya zan zauna gaban Dada ina zancen 'yar fari? Da wane idon?"

"To ni da wane bakin? Innalillahi. Ku dai..."

Ya kashe wayar. Suka tsaya suna kallon juna. Mutum uku, kowa ya miƙa wa na kusa da shi, maganar ta faɗi ƙasa ba wanda ya ji ƙararta.

"Je ka faɗa mata yanzu," in ji Suwaibatu.

"A gaban matan gida? Bari mu isa tasha, in ja ta gefe."

"A Tashar Dukku? 'Yan kamasho na ihu, mota ta cika, a nan za ka yi abin da ka kasa yi a ɗakinka?"

"To in kira Baffanmu can ruga, ya zaunar da ita in sun isa."

"In sun isa. Hamma, ka manta kwarin nan na hanyarsu? In an yi ruwa irin na jiya ko babur ba ya ƙetarewa. Ina asibitin yake in kwari ya cika?"

Jibrilla ya shafa fuska da hannu biyu. Ba mugu ba ne, shi ya yi ta kai ta ɗaukar darasi a bayan babur, shi ya yi ta jijjiga yarinyar tana karatu. Ya rage murya.

"Suwaiba, tsaya ki yi tunani. In Dada ta ji ta ce ba za ta iya ba, wa zai riƙe ta ranar Litinin? Ni ina shago. Adda na fama da nata. Mamanki na Kano. Duk wahalar nan da kika sha, a ƙofar shiga za ki ajiye?"

Maganar ta same ta inda ya nufa. Gurbin nan ba ya jira. Ta san 'yan ajinsu da suka ce bari sai baɗi, yau suna nan da 'ya'ya uku, littattafan sun zama na kunna gawayi.

Hon ɗin keke napep ya karaɗe lungun.

Jibrilla ya fita da jakar. A ƙa'ida uwa ba ta fitowa sallama ranar yaye, ɓuya take yi kada yaro ya gan ta ya tayar da rigima. Suwaibatu ta tsaya bayan labule tana leƙe. Gidan haya ne, matan sauran ɗakuna duk sun fito. Dada ta riga ta saɓa Batul a baya tana gyara zani.

"Su Batul an zama 'yan mata!" in ji Maman Yusra, ta ɗakin ƙofa, mai bakin da ba ya mutuwa. "Sai a kawo mana man shanu. Amarya kuma ta huta, sai ƙani!"

"Wane ƙani, ana zancen digiri?" wata ta amsa, aka kwashe da dariya.

A nan Suwaibatu ta hango hannun. Na hagu ne, ya leƙo ta gefen zani yana lilo. Yatsun sun cika sun yi tantsan-tantsan, fatar bayan hannun na sheƙi. Da asuba ba haka yake ba. Ko kuwa haka yake, ita ce ba ta so ta duba da kyau ba?

Dada ta ja majanyi ta ɗaure tam. Batul ta callara ƙara, wata siririya mai fita da ƙyar, wadda Suwaibatu za ta gane ko a cikin kukan yara ɗari.

"Kukan yaye ne," in ji Dada tana jijjiga ta. "Kowa ya yi shi. Mu je, Jibrilla, kada motar farko ta tashi."

Ta nufi zaure. Suwaibatu ta bi su da ido daga bayan labule. A ranta ta ga mota, ta ga taga a buɗe iska na kaɗa yarinyar, ta ga jan ruwan kwari ya shafe hanya. Ta kuma ga kanta ranar Litinin a zaune a aji, waya a jaka, tana jiran kiran da ba ta son ɗauka. Ƙafarta ce ta fara fita kafin ta yanke shawara.

"Dada."

Tsohuwar ba ta tsaya ba, wataƙila ba ta ji ba.

"Dada, a sauke Batul."

Maman Yusra ta rufe baki da gefen mayafi. Tun ranar suna ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Suwaibatu.

Dada ta juyo a hankali. "Me kika ce?"

"Na ce a sauke mini 'yata. Ba ta da lafiya."

Tsohuwar ta faɗi wata kalma da Fillanci, wadda ko ba ka jin yaren ka san kunya ake tambaya ina ta tafi. "'Yarki," ta ce. "A gabana. Ni da na goya ubanta, na yaye 'ya'yan dangi har ban san iyakarsu ba, yau ni za a koya wa goyo? Jibrilla, abin da ake koyowa a makarantar ke nan tun ba a shiga ba?"

Jibrilla na tsaye da jaka a hannu kamar an dasa shi. Ya ce, "Suwaiba, shiga ɗaki," amma muryar ba ta kai ko ƙofar zaure ba.

Suwaibatu ta zube gwiwa biyu a jiƙaƙƙen siminti. Ba ta ɗaga ido ba, amma ba ta yi shiru ba.

"Ki yafe mini, Dada. Sikila gare ta, amosanin jini. Ba laulayi ba ne, da shi aka haife ta, daga ni da babanta ta ɗauko. In sanyi ya taɓa ta jinin tsayawa yake yi a ƙashi, ciwon kamar ana sara. Zazzaɓin da wani yaro zai kwana da shi ya tashi yana wasa, ita yana iya tafiya da ita kafin a ƙetare kwari. Kwalaben nan su ke tare mata. Mun ɗauka an faɗa miki, ashe ba a faɗa ba. Ki taɓa hannunta ki ji. In makarantar ce, na haƙura da ita. Amma yau ba za ta hau mota ba."

Ta faɗa, kuma ta ji fitar maganar daga bakinta kamar an zare mata haƙori.

Mai keke ya sake danna hon, ba wanda ya kula shi. Sannan tsohuwar ta kai hannu ta kwance majanyin, ta zamo da yarinyar gaba. Ta ɗaga ɗan hannun a tafinta, Batul ta sake ƙara. Ta kara kuncinta a goshin yarinyar, ta ɗago da sauri.

"Jibrilla."

"Na'am, Dada."

"Tun yaushe?"

"Tun... tun tana rarrafe."

"Tun tana rarrafe." Ta maimaita a hankali kamar mai tauna tsakuwa. "Na zo muku sallah, na ci tuwonku, na kwana a ɗakin nan. Kuna kallona ina mata wasa. Da na kai ta na watsa mata ruwan sanyi da hannuna, gobe a ce me ya faru a hannun kakarta? Ku kun ji kunya, ni ku bar ni da haƙa rami?"

Dada ta tako har inda Suwaibatu ke durƙushe, ta miƙa mata yarinyar ba tare da ta dubi fuskarta ba.

"Karɓi. Tunda kin kira sunanta a gabana, ɗaukar ma ki yi."

Jikin Batul kamar garwashi. Suwaibatu ta rungume ta, ta lulluɓe da mayafinta, a gaban kowa. Dada ta koma rumfa ta ɗauki ledar kwalaben da kanta, ta wuce ɗanta kamar ba ta gan shi ba, ta leƙa waje.

"Kai mai keke, ka ishe mu da tsiwa. Ba tasha za mu ba, asibiti."

Aka ba su gado a ɗakin yara. Aka ɗaura ruwa, aka yi allurai, likita ya ce sun yi dabara da ba su jira ba, ya kuma ce a mayar da ita nono har ta warware, yaye ba gudu yake yi ba. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Dada ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gado ta zauna daram, tana ƙorafin ruwan birni ɗanɗanon ƙarfe gare shi, furar birni kuma gari ce da ruwa. Da Suwaibatu ba ta magana sai ta dole: miƙo, riƙe, tashi. Jibrilla kuwa in ya kawo abinci ya gaishe ta, bango take amsa wa.

Ranar Litinin da hantsi zazzaɓin ya sauka. Kumburin bai saɓe ba, amma Batul ta sha nono ta yi barci, baki a buɗe. Suwaibatu na zaune a bakin gado tana matse tawul. Tun shekaranjiya ta hana kanta tunanin ranar, yanzu kuma ga ta ta zo, tana wucewa ta taga tare da 'yan makaranta.

"Ba yau ba ne?" in ji Dada, idonta a kan carbi.

"Na'am?"

"Bokon naki."

"Yau ne, Dada. Na bari. In da rabo, wata shekarar."

"Wata shekarar wani cikin." Tsohuwar ta ja tsaki. "Na aika wa Baffanku a samu mai tatsar shanun. Ina nan har a yi girbi. Bayan nan Allah ya san gaba, kada ki sa rai zan mutu a garin nan naku mai warin kwata."

Suwaibatu ta saki tawul ɗin. "Dada..."

"Ban gama ba. Ni ba na karanta kwalba. Ki samo zare, na safe ki ɗaura masa ja, na yamma baƙi. Ki nuna mini iyakar inda ake zubawa. Kuma duk abin da ya kamata in gani a jikinta in ruga da ita nan, ki faɗa mini shi da bakinki, tunda bakin ya buɗe."

Suwaibatu ta zare zare daga gefen ɗankwalinta, ta roƙi wani a wajen matar gadon kusa. Ta ɗaura wa kwalaben. Ta yi bayanin zafin jiki, da fari a tafin hannu da cikin ido, da kumburin ciki, da numfashi sama-sama, da yawan ba ta ruwa ko ba ta nema ba. Dada na maimaita kowanne da Fillanci tana lanƙwasa yatsa.

"Na gode, Dada. Allah ya saka..."

"Kada ki gode, ban huce ba tukuna. Shi ma wancan ban huce da shi ba." Ta gyara wa Batul bargo har wuya. "Tashi ki tafi tun tana barci. In an tashe ku ki biyo ta nan ki ba ta nono."

Suwaibatu ta dubi kanta: zanin da ta kwana da shi, silifas na banɗaki, ba jaka, ba littafi. Lakcar farko ta riga ta wuce ta, ta biyu ma sai ta yi da gaske. Ta ari biro a wajen ma'aikaciyar jinya, ta yafa mayafi. Ta kai ƙofa ta tsaya, ƙafar ta ƙi gaba.

"Ke," in ji Dada daga bayanta. "In kin dawo ki gaya mini abin da suka ce game da jinin nan. Da Hausa, ba da yarensu ba."

"To, Dada."

Ta fita da sauri, silifas na fas-fas a barandar asibitin.